Injin janareton soja: me zai iya turawa idan an raba shi da kan wutarsa?

Tambaya

Assalamu alaikum. Na sayi janareto uku na dizal a gwanjon kayan da sojojin Amurka suka daina amfani da su, dukansu masu kilowat 10. Ɗaya lafiyarsa lau, na biyu injinsa yana tashi amma kan da ke ba da wutar ya ƙone, na ukun kuma an rubuta 400 Hz a jikinsa, kuma an ce mini wutarsa ba ta da amfani ga kayan gida. A farantin biyun farko an rubuta MEP-803A, na ukun kuma MEP-813A. Ina so in ɗaura wa ɗaya famfon ban ruwa da bel, ɗaya kuma in saka shi a wata ƙaramar tarakta da injinta ya mutu. Shin hakan zai yiwu, kuma me ya kamata in kiyaye?

Amsa

Wa alaikumus salam, Malam. Maganar famfo za ta yiwu, kuma aiki ne da ya dace da wannan injin ƙwarai, muddin ba a ɗaura bel ɗin a inda mutane suka fi saurin ɗaura shi ba. Maganar tarakta kuwa ba zan ba ka shawarar ka shige ta ba. Dalilin duka biyun ɗaya ne: an ƙera injin janareto ne don ya zauna a gudu guda, kuma an ƙera shi ne ya yi zaman tare da kan wutar, ta yadda idan ka raba su sai ka samar masa abin da kan yake yi masa a da.

Da farko dai, kada ka taɓa lafiyayyen nan. Janareton da ke ba da wuta ya riga ya zama hanya mafi sauƙi ta tura kowace na'ura, domin waya tana kai ƙarfi inda bel ba zai kai ba, kuma wannan samfurin yana ba da wuta mai layi ɗaya da mai layi uku. Abin lura kawai shi ne motar lantarki, wato injin da wuta ke juyawa, tana jan wutar da ta ninka ta aikinta sau biyar zuwa bakwai a lokacin tashi, saboda haka janareto mai kilowat 10 ba zai tayar da mota mai kilowat 10 ba. Sauran biyun su ne abin magana, musamman mai 400 Hz (Hz shi ne yawan kai-komon da wutar ke yi a daƙiƙa ɗaya), wanda aka yi domin na'urorin rada da na jiragen sama. Gaskiya aka faɗa maka game da wutarsa, amma injinsa irin na 'yan'uwansa ne.

Injin da ke cikin waɗannan janareto mai silinda huɗu ne, mai sanyaya da ruwa, ana kiransa DN4M da sunan kamfanin Onan, amma asalinsa LPW4 ne na kamfanin Lister Petter na Ingila. Sanin wannan zai taimake ka wajen neman kayan gyara, domin mai sayar da kayan da bai taɓa jin lambar soja ba zai iya gane LPW4 nan take. Ƙarfinsa ya kai kimanin doki 24 a juyi 1,800 cikin minti ɗaya, wato kusan kilowat 18. Ka ga ke nan lambar 10 da ke jikin farantin ta wutar da ke fita ce, ba ta injin ba, domin kan wutar yana cin rabonsa, kuma sojoji suna barin rara saboda zafi da tuddai inda iska ba ta da kauri. Duk da haka, idan aikin na yini guda ne ba tsayawa, ka yi lissafinka a kan kashi 70 zuwa 80 cikin ɗari na wannan ƙarfin, wato doki 17 zuwa 19.

Juyi 1,800 ɗin nan ba zaɓin son rai ba ne. Kan wuta mai maganaɗisu huɗu dole ya juya sau 1,800 a minti kafin ya ba da 60 Hz, ko sau 1,500 idan 50 Hz ake so, shi kuma naka mai 400 Hz an saita shi a juyi 2,000. Abin da ke riƙe injin a wannan gudun shi ne gwamna, wato wasu ƙarafa masu nauyi da ke buɗewa idan gudu ya ƙaru, suna ja-in-ja da sifirin, suna rage mai ko ƙara shi. Nauyin ƙarafan da ƙarfin sifirin an zaɓe su ne don ɗan ƙaramin tsakani a kewayen wannan gudun. Maɓallin da ke gaban allo, wanda ake murɗawa a daidaita Hz, ba totur ba ne, yana ɗan matsar da gudun ne kawai sama ko ƙasa. Idan ka tilasta injin ya sauka can ƙasa da shi, gwamna zai fara farauta, gudu yana hawa yana sauka, kuma littattafan sojoji da kansu sun hana barin irin waɗannan janareto suna aiki a ƙaramin gudu.

Wannan shi ne ya rushe maganar tarakta. Abin hawa yana buƙatar injin da zai tsaya a silo, ya hau, ya sauka bisa ga ƙafar direba, kuma yana buƙatar fulawil, wato babban faifan ƙarfe mai nauyi da ke juyawa a bayan injin, mai fuskar da farantin kuloci zai kama da ramin da sandar giya za ta shiga. Fulawil ɗin janareto ba shi da ko ɗaya daga ciki. Gaskiya ne kamfanin ya yi LPW4 mai sauya gudu har juyi 3,000, don haka ana iya sauya kayan gwamna, a nemo wani fulawil, a sassaƙa farantin da zai haɗa injin da gidan giya. Sai dai a yawancin ƙananan taraktoci jikin injin shi ne ƙashin bayan taraktar, shi ke ɗauke da gatarin gaba, kuma wannan injin ba a zuba shi don ɗaukar wannan nauyin ba. Kafin ka gama waɗannan duka, ka kashe abin da ya isa ka gyara injin taraktar na asali.

Yanzu ga inda aka fi yin ɓarna. Idan ka kwance kan wutar za ka tarar boris ɗaya kawai yake da shi, a can ƙarshen baya. Gabansa kuwa wasu siraran faifan ƙarfe ne aka ɗaure a jikin fulawil, gidansa kuma an ɗaure shi da gidan fulawil, ta yadda su biyun suka zama jiki ɗaya a miƙe. Ma'ana, abin da ƙarshen kiranshaf, wato babbar sandar da ke juyawa a cikin injin, ya saba da shi murɗawa ce zalla, babu mai jan sa gefe. Bakanike mai gaggawa zai ga fulawil a buɗe, ya sa a yi masa fuli a ɗaure a kai, ya ja bel ya ɗame. Ranar farko komai zai tafi daidai. Amma bel yana jan kiranshaf zuwa gefe ɗaya da ƙarfi a kowane juyi, kuma idan fulin ya yi nisa da jikin injin, jan yana ƙaruwa kamar yadda dogon hannun sifana ke ƙara wa mai kwance noti ƙarfi. Alamar farko ita ce baƙin mai ya fara tsatsafowa ta sil ɗin baya, sai metal ɗin ƙarshe da kiranshaf ke juyawa a kai ya cinye, kuma idan aka yi rashin sa'a kiranshaf ya karye daf da fulawil. Haka kuma kada ka ɗauki babban aiki daga fulin gaba, domin na fanka ne da famfon ruwa da cajin batir.

Hanyar da ta dace iri biyu ce. Ta farko ita ce ka sayi kuloci na musamman da ake ɗaurawa a gidan fulawil, irin wanda kamfanoni kamar Twin Disc ke yi, mai sandarsa da manyan boris nasa da hannun da ake ja a haɗa ko a raba. Gidajen fulawil na injinan masana'antu suna bin ma'aunin SAE, wato na ƙungiyar injiniyoyin motoci, mai lambobi daga 00 zuwa 6, inda babbar lamba ke nufin ƙaramin gida, saboda haka ka auna faɗin bakin gidan da tazarar ramukan kusoshi kafin ka sayi komai. Amfanin kulocin ya wuce kare kiranshaf, domin yana ba ka damar tayar da injin ba kaya, ya yi ɗumi, sannan ka ɗora masa aiki. Hanya ta biyu ta fi araha: a sassaƙa gajeriyar sanda a ɗaure a tsakiyar fulawil, a haɗa ta ta hanyar mahaɗi mai roba da wata sanda dabam da ke zaune a kan boris biyu masu gindi, fulin kuma ya zauna tsakanin boris ɗin biyu. Jan bel zai ƙare a kansu, injin kuma murɗawa kawai zai ji. Sharaɗin shi ne a daidaita sandunan biyu da agogon awo, ba da ido ba, kuma duka su zauna a kan firam guda mai kauri. Wani abin da ake mantawa shi ne a irin wannan haɗi ƙafafun baya galibi a jikin kan wutar suke, don haka da zarar ka cire shi sai ka yi wa bayan injin sababbin ƙafafu.

Sai lissafin famfon kansa, wanda a ganina ya fi komai muhimmanci a aikinka. Famfo mai fanka a ciki yana da doka: yawan ruwa yana bin gudu kai tsaye, tsayin da zai tura ruwan yana bin gudun sau kansa, ƙarfin da zai ci kuma yana bin gudun sau kansa, a sake sau kansa. Famfon da aka yi don juyi 3,600, idan ka haɗa shi kai tsaye da injin mai 1,800, zai ba da rabin ruwa, ya tura shi kashi ɗaya cikin huɗu na tsayin, ya ci kashi ɗaya cikin takwas na ƙarfin. Mai shi sai ya ce injin ba shi da ƙarfi, alhali injin ko gumi bai yi ba. Dokar tana cizo ta ɗaya gefen ma, domin ƙarin gudu na kashi 10 cikin ɗari yana ƙara nauyin aikin da kusan kashi 33. Mafi kyau shi ne ka nemi famfon da aka yi don juyi 1,750 zuwa 1,800 ka haɗa shi a miƙe ba bel. Idan kuwa wanda ke hannunka na juyi 2,900 ne, fuli mai faɗin santimita 24 a gefen injin da mai 15 a gefen famfo za su ba ka juyi 2,880. Ka duba kibiyar da ke jikin famfon tukuna, domin idan ka tsaya kana fuskantar fulawil, irin wannan injin yana juyawa ne saɓanin hannun agogo, kuma famfon da aka juya a baibai yana ba da ɗan ruwa kaɗan da zai ruɗe ka ka yi ta neman matsalar a wani wuri.

Injin da ka yi niyyar kai wa tarakta, da ni ne famfon haidirolik, wato mai tura mai da matsi ta cikin tiyo, zan ɗaura masa. Ana haɗa shi a miƙe, ba ya jan gefe, kuma mai a cikin tiyo yana ba ka abin da gwamna ya hana ka, wato sauya gudu da juya baya. Lissafinsa mai sauƙi ne: ka ninka matsi a ma'aunin bar da litar mai a minti, ka raba da 600, ka sami kilowat. Lita 30 a bar 200 kilowat 10 ke nan, da asarar da ba a rasa ba ya kai 12, kuma famfo mai ɗaukar kimanin cc 17, wato mililita 17 na mai, a kowane juyi zai ba da hakan a 1,800. Kwampireso da injin niƙa su ma suna son gudu tsayayye, sai dai suna buƙatar kuloci saboda nauyin tashi.

Game da waya, komai na injin nan na bolt 24 ne: sitata, famfon mai na lantarki, abin ɗumama iska da solenoyid ɗin da ke buɗe mai. Ka bar shi a haka da batir biyu, ya fi sauya su ɗaya bayan ɗaya. Abin da ba zan yarda ka zubar ba shi ne tsaron da ke kashe injin idan matsin baƙin mai ya faɗi ko ruwa ya yi zafi. Famfon ban ruwa yakan yi sa'o'i ba kowa a kansa, kuma waɗannan na'urorin biyu su ne mai gadinsa. Ka haɗa su ta rile, wato makunnin da wuta ke sarrafawa, zuwa solenoyid ɗin, yadda ko wanne ya motsa mai zai yanke. A allon akwai wani maɓalli da aka tanada don lokacin yaƙi, wanda ke tsallake yawancin tsaron, kada ka kwaikwayi wayarsa. Idan kuma ka cire injin daga akwatinsa, ka riƙe ƙawanyar da ke tsakanin fanka da lagireto, in ba haka ba iska za ta riƙa zagayawa ba ta ratsa lagireton ba.

Kafin tashin farko, tunda injinan sun daɗe a ajiye, ka zubar da tsohon mai, ka sauya matatu, ka tabbatar sandar da ke sarrafa famfunan nozul tana motsi ba ta maƙale ba. Kowace silinda a wannan injin da nata ƙaramin famfo, kuma idan ɗaya ya kafe a buɗe injin na iya tserewa da gudun da makulli ba zai tsayar ba, don haka ka ajiye faffaɗan katako kusa da bakin shan iska domin toshe shi, ba da tafin hannu ba. Fentin sojan da ke jikin firam da akwatin, wanda ake kira CARC, ƙurarsa da hayaƙinsa suna cutar da huhu, sai ka kankare shi a jiƙe da abin rufe hanci na ƙwarai kafin walda ta taɓa wurin. Bayan an fara aiki kuma, ka tabbatar kayan da ka ɗora sun kai aƙalla kashi ɗaya cikin uku na ƙarfin injin, domin dizal da ke yini ba nauyi ba ya ƙone mansa duka, kuma za ka ga baƙin ruwa mai danƙo yana ɗiga daga mahaɗin salansa.