Wai in an jefa dutse kafin a diro, ruwa zai yi laushi?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, dan Allah ina cikin damuwa. Ƙanena ɗan shekara 16 shi da abokansa sun tsiri dirowa daga kan gada zuwa cikin kogi tunda damina ta kankama. In na yi faɗa sai ya ce ai a fim jarumi yana dirowa daga dutse mai tsayin bene ashirin ya fito garau, kuma wai su sai sun fara jefa ƙaton dutse ya fasa saman ruwan kafin su bi. Da gaske hakan yana kare mutum?

Amsa: Wa alaikumus salam ƴar'uwa. Kina da gaskiya da kika damu, kar ki bari ya rufe miki baki da zancen fim.

Lissafin ba wuya. Wanda ya diro daga mita 10, irin dandamalin gasar Olamfik, yana taɓa ruwa da gudun kusan kilomita 50 a awa. Daga mita 27, inda ƙwararrun gasar Red Bull suke dirowa, gudun ya kai wajen 85. Bene ashirin ɗin da yake faɗa kuwa wajen mita 60 ne, daƙiƙa uku da rabi ka iso da gudun kilomita 120 da ɗoriya, wato kamar a wurgo ka daga mota tana sheƙa gudu a titin Kano zuwa Zariya. A 2015 wani Laso Schaller ya diro daga mita 58.8 a Suwizalan, ƙwararre ne, an auna zurfin wurin, an sa tukwanen iska a ƙasa suna tayar da kumfa, amma duk da haka da rauni a ƙugu ya fito. Shi kuwa jarumin fim galibi ba shi ne ya faɗa ba ma, ko mutum-mutumi aka jefa, ko an ɗaure wani da igiya ya sauka kan katifar iska, sai a yanke hoton a haɗa da inda yake bulbulowa daga ruwa, sauran kwamfuta ta ƙarasa.

To yanzu zancen dutsen nan, wallahi ya ishe ni, kullum sai wani ya turo min shi, har da masu digiri. Eh, saman ruwa yana da wata ƴar fata, ita ce ke riƙe ƙwaro yana yawo a kai, ita ce ke ɗaukar allura in an ajiye ta a hankali. Iyakar ƙarfinta ke nan fa, allura! Ta yaya abin da yatsan jariri ke hudawa zai karya haƙarƙarin ƙato? Abin da ke illata mutum nauyin ruwan ne kansa. Ruwa ya fi iska nauyi kusan sau 800, tanki mai mita ɗaya ta kowane gefe yana cin kilo 1000, kuma ruwa ba ya matsuwa, dole jikinka ya ture shi gefe kafin ya samu wurin shiga, in ka zo a guje kuwa ba shi da lokacin kaucewa sai ya tsaya maka. Ki cika baho, ki sa tafin hannu a hankali, sannan ki mare shi da ƙarfi, za ki ji zafin har gwiwar hannu. Dutsen da suka jefa bai rage ko cokali ɗaya na wannan nauyin ba, kafin yaron ya iso ramin ya rufe. Masu shirin talabijin na MythBusters, da ke gwada gaskiyar irin waɗannan maganganu, sun gwada da guduma da mutum-mutumi tun 2003, bai hana komai ba. Wasu kuma su ce ai a gasa ana fesa ruwa a sama, to wannan don mai dirowa ya hango inda saman ruwan yake ne kawai. Haka masu sayar wa yara laya wai maganin ruwa, su ji tsoron Allah, ran ƴaƴan mutane suke wasa da shi.

Su ƙwararrun da ke dirowa daga wuri mai tsayi sosai da ƙafa suke shiga, jiki a miƙe a ɗaure, ga masu nutso suna jira a cikin ruwa, ga likita a gefe. In aka karkace kaɗan aka faɗa da ciki ko baya, saifa na iya fashewa, huhu ya ƙuje, mutum ya suma, kuma wanda ya suma a ruwa ko ya iya iyo ba amfani.

Abin da ya fi tayar min da hankali game da ƙanenki ma ba tsayin gadar ba ne. Ruwan damina ja ne, ba a ganin ƙasa, inda jiya yake da zurfi yau yashi ya cike shi, ko kogi ya jawo kututture ko ƙarfe ya ajiye. Ko daga mita 2 ne, in kai ya daki ƙasa wuya na iya karyewa, laka ta tsinke, jiki ya shanye har abada. Ki sanar da mahaifinku yau, kar ki jira gobe, a kuma kai maganar wurin mai unguwa da iyayen sauran yaran, don shi kaɗai in an hana shi abokai za su sake janyo shi.