Amsar tambayarka kan rediyon gidanmu in zaɓe ya zo

Wa alaikumus salam ɗana, naga saƙonka tun shekaranjiya, rashin wuta da idon nan ne suka hana ni amsawa. Kace tun kana yaro kake lura in siyasa ta kama a gidanmu sai a zauna a ji labaran rediyon gwamnati tsaf har ƙarshe, sannan wani babba yace "to mun ji nasu, a murɗo mana Landan", kana so ka sani al'ada ce muka gada ko raini ne kawai, kuma in ba a yarda da su ba me yasa ake ƙona batir a kansu. Wannan ta ƙarshen ta bani dariya don kakarka ma haka take yi wa kakanka ƙorafi, ita da ke biyan kuɗin batir ɗin daga cinikin ƙuli.

Ni a ganina abun ya girmi rediyo ma. Da can mai shela ne ke zagaya unguwa da ganga yana cewa sarki ya gaishe ku, ya faɗi maganar haraji ko gayya ko ganin wata, ba mai ce masa maƙaryaci kuma kowa sai ya tsaya ya ji don abun da ya faɗa shi za a yi, amma ba mahaukacin da zai tambaye shi ko sarki ya kyauta. In kana son wannan sai ka je zango wajen fatake, su da ba a garin suke kwana ba. To da rediyo ya zo sai mutane suka ajiye na gwamnati a gurbin mai shela, na waje kuma a gurbin fatake. BBC ta fara Hausa a 1957, gwamnatin Sardauna ta buɗe gidan Kaduna a 1962, kakanka kuwa ɗan NEPU ne, jam'iyyar adawa ta Malam Aminu Kano, na gani kashe ni, yana son Rediyo Kaduna kamar me saboda Zaɓi Sonka da Jakar Magori, a mita 49 har 'yan uwanmu na Kumasi suna kamawa suna aiko da gaisuwa, amma in aka zo kan siyasa ya san gidan waye.

Inda abun ya zama jiki sosai shine jamhuriya ta biyu, wannan kam da idona na gani. A 1979 NPN ta Shagari ta ci tarayya, PRP ta Malam Aminu ta ci Kano da Kaduna, Rimi a nan Balarabe Musa a can, gidan Kaduna kuma a lokacin soja sun riga sun maida shi ƙarƙashin tarayya, shine ya zama FRCN Kaduna, wato reshen rediyon tarayya. Kaga kenan kana zaune a Kano akwati ɗaya a hannunka, ka murɗa nan ka ji muryar masu mulkin Legas, ka murɗa can ka ji ta gidan gwamnatin jiha, taro ɗaya za a yi amma sai ka rantse garuruwa biyu ake magana. Da PRP ta tsage gida biyu, santsi na su Rimi da taɓo na su Malam Aminu, sai abun ya ƙara cakuɗewa, 'yan taɓo suka koma suna kukan rediyon jihar da su suka kafa gwamnatinta. Kuma kar ka ɗauka wasa ne, ranar 10 ga Yuli 1981 da rikici ya ɓarke kan takardar tuhumar da gwamnatin Rimi ta aika wa Sarki Ado, gidan Rediyo Kano na cikin wuraren da aka cinna wa wuta, ranar ce aka kashe Dakta Bala Muhammad, mai ba Rimi shawara kan siyasa, Allah ya jiƙansa. Ƙarshen 1983 kuma da safe muka ji muryar Abacha a rediyo yana cewa soja sun karɓa, shikenan.

Amma bari na faɗa maka abun da samari ba sa ganewa, ba kasafai rediyon gwamnati ke shara ƙarya tsagwaronta ba, ma'aikatan mutanen kirki ne da yawansu, wasu ma ajinmu ɗaya. Abun yana cikin jeri da kalma ne. Labari na farko gwamna, na biyu matar gwamna, na uku kwamishina ya raba taki, ɗan adawa in ya samu shiga sai can dab da wasanni. Gwamna kullum "ya bayyana" ko "ya tabbatar", ɗan adawa kuwa "ya yi iƙirari" ko "ya yi zargi". Taron masu mulki dubun dubatar jama'a ne suka halarta, na ɗaya ɓangaren wasu magoya baya. In mutum goma suka sauya sheƙa zuwa jam'iyyar gwamnati labari ne da kiɗa, in ɗari suka fita shiru kake ji. Dalilin kuma ba ɓoyayye bane, gwamna ke naɗa shugaban gidan, albashi daga gare shi, man janareton turansimita daga gare shi, wakilin gidan gwamnati a motar ayari yake tafiya a bashi abinci da na mota, shi kuma ɗan adawa sai ya biya kuɗin fili kafin a ɗauki muryarsa. Shi yasa kakanka ke ji har ƙarshe, yana ƙirga wanda ba a ambata ba ne, yakan ce in kaji an kwana uku ana cewa jama'a su kwantar da hankalinsu to akwai abun da ya tashi.

Doka fa akwai ta. Dokar zaɓe ta 2022 da aka yi zaɓen 2023 da ita, sashe na 95, ta hana amfani da kafar gwamnati don fifita wata jam'iyya, ta ce a raba lokaci daidai, kuma tun 1992 akwai hukumar NBC mai sa ido kan gidajen rediyo da talabijin. Sai dai shugaban hukumar ma shugaban ƙasa ke naɗa shi, to ka ƙarasa da kanka.

Wani abu kuma da zan faɗa maka ko da zai sosa wa manyanka rai, rabin son kan da muke ji a rediyo a kunnenmu yake. A 1983 ina zaune a zaure da babanka da kawunka marigayi, ɗaya NPN ɗaya PRP, muka ji labaran dare guda ɗaya a gida ɗaya, ana gamawa babanka yace wallahi an sayar da gidan rediyon nan, kawunka yace ai an cika bai wa 'yan adawa baki, har saida kakarka ta leƙo tace in ba za a ci tuwo ba ta kwashe. Kuma na sha ganin mutumin da ya shekara huɗu yana zagin rediyon jiha, jam'iyyarsa na cin zaɓe sai kaji yace yanzu kam gidan ya gyaru, alhali ko mai karanta labaran ba a canja ba. Landan ɗin ma ba ta tsira ba, duk wanda ta yi hira da abokin hamayyarsa sai yace an saye ta.

Da gidaje masu zaman kansu suka zo, kamar Freedom a 2003, mun yi murna don an ji muryar da da ba a ji, amma sai ga sojojin baka, kowa da uban gidansa da ke biya masa fili, wanda ya ci ladan kuturu kuwa ka san sauran. Don haka ni ban daina jin na gwamnati ba, can nake jin sanarwar rasuwa da ranar rigakafi da dokar hana fita, kuma sakamako dai sai wanda baturen zaɓe na INEC ya karanta, ba wanda ake turo mana a WhatsApp da tsakar dare ba, kai ma ka turo min guda biyu a 2023 ban manta ba.

Tsohuwar rediyon kakan naka tana nan a ɗakina, eriyar ce ta karye na ɗaure da waya amma tana kamawa. In ka shigo hutu ka taho da manyan batir guda huɗu mu ji na dare tare, ka riƙe takarda ka rubuta wanda aka fara ambata da wanda aka ce ya yi iƙirari. Ka gaida mamanka, kace mata maganin ya iso.