Zumar silin da ta raba ni da jarka biyu

Ajiye tsanin nan ka zo ka zauna, yaro. Tun a cikin adaidaita kake damuna da tambaya ɗaya: wai in ƙudan zuma sun tare a silin ɗin mutum, me zai hana mu fesa musu fiya-fiya mu karɓi kuɗinmu, maimakon mu raba dare muna shan hayaƙi da harbi? Da wata tambayar ce da na ce ka zuba ido ka gani. Wannan kuwa ka fama mini gyambon da har yau bai warke ba.

Shekara 9 ke nan, ƙarshen hunturu, wani direba ya zo har gida ya ɗauke ni zuwa wajen Hotoro. Gida ne na gani na faɗa, ƙudan sun shiga ta wata kafa a ƙarƙashin kwano sun zauna a saman ɗakin uwargida. Abin da na fara tambayar Alhajin shi ne: an fesa musu wani abu? Ya dafa ƙirji ya ce wallahi ko ruwa ba a watsa musu ba. Mutum da furfura, da carbi a hannu. Na ga 'yan matattun ƙuda an share su gefen katanga, na ga maigadi ya ƙi haɗa ido da ni, amma wanda ya ce wallahi ai ya gama magana. Ga shi ranar mura ta toshe mini hanci, ko turare ba na ji.

Muka yi ciniki a kan naira dubu 20. Bayan isha'i na hau, ban sauko ba sai wajen ƙarfe 2 na dare. Saƙa 11 na yanko daga jikin katako, wasu sun fi tsawon hannuna, na cika bokitin fenti biyu. Na samu sarauniyar, na juye su a amya, na kankare wurin tas, na toshe kafar da siminti. Aikin da ko ubangidana da ya koya mini, Allah ya jiƙansa, ba zai kushe ba. Da gari ya waye Alhaji ya leƙa bokiti, ya miƙo mini dubu 8, wai zumar da na kwasa ta fi kuɗin aikina. Na haɗiye, don zumar ta nuna, baƙa wuluk, a rufe da kakinta.

Na kai gida na tace. A lokacin ina da jarka biyu, mai lita 25 kowacce, na zumar amyoyina da ke dajin wajen Falgore, ba su ƙarasa cika ba. Sai na cike su da ta gidan Alhaji. Na kai wa wani dattijo a Kasuwar Kurmi wanda muka shekara 14 muna hulɗa, bai taɓa ɗanɗana zumata kafin ya biya ba, saboda ya san ban san sukari ba, ban san ruwa ba.

Kwana uku ya aiko a kira ni. Bai ɗaga murya ba. Murfin jarkar kawai ya buɗe ya turo mini. Mura ta sake ni a lokacin, warin fiya-fiya da kalanzir ya doke ni har cikin kai. Wata mata ce ta sayi kwalba don ɗanta mai tari, Allah ya sa ta shinshina kafin ta ba shi, ta dawo da ita tana faɗa a gaban jama'a. Dattijon ya ce, “Kwashe kayanka.” Har ya koma ga Allah bai ƙara sayen ko cokali a hannuna ba. Lita 50 na haƙa rami na zuba na binne, don in na zubar a fili ƙudan wasu za su sauka su sha su mutu. Waɗanda na sa a amya kuwa ko mako ba su yi ba.

Na koma Hotoro. Maigadin ne ya ja ni gefe ya faɗa mini gaskiya: dare uku suna ɗura maganin ta kafar, sai da ƙudan suka fusata suka sauko suka harbi uwargida sannan aka nemo ni. Alhaji kuwa wai ba ya nan, alhali ga motarsa a rumfa. Sau huɗu ina zuwa. Na bar shi da Allah, amma ban yafe ba.

To ka ji abin da maganinka yake yi. Saƙa jere take, ɗaya bayan ɗaya, feshin na bakin ƙofa yake kashewa, sarauniya tana can tsakiya, ita da kan zuba ƙwai sama da 1,000 a yini in abinci ya wadata. Daga ƙwai zuwa ƙuda kwana 21 ne, 'ya'yan da ke rufe cikin kaki za su fito su ci gaba. Kakin kuma shanye dafin yake yi. In ma ka yi sa'a ka kashe su duka, wa zai yi wa saƙar fifita? Su ne ke kaɗa fukafukai suna sanyaya ta. Bari zafin Afrilu ya sauka a kan kwano, kaki ya saki, zuma ta riƙa ɗiga ta silin, 'ya'yan su ruɓe su yi ɗoyi, kyankyaso da cinnaka da ɓera su taru, yaran gida su sa yatsa su lasa. Baɗi kuma ƙanshin tsohon kakin ya jawo wani ayarin. Ga shi Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana kashe ƙudan zuma, halittar da sura guda ta Alƙur'ani take ɗauke da sunanta. Amma ku yaran yanzu ba ku son aikin da ya wuce minti goma. Ku karɓi alat, ku ɗauki bidiyo, ku gudu. Rannan a Gwale ina kallonka ka kunna fitilar waya a cikin silin, ka manta haske suke bi da dare. Da ban buge hannunka ba da fuskarka ta faɗa maka.

Batun hura busasshen kashin shanu da ɗaure bakin wando ba zan ɓata bakina a kai ba, wanda bai san wannan ba ya koma tallan rake. Abu ɗaya dai: in an harbi wani ka ga leɓe ya kumbura, numfashi na sarƙewa, kada ka tsaya neman toka ko kanwa, asibiti kai tsaye.

Gobe akwai aiki a Ɗorayi, kai za ka riga ni zuwa da la'asar. Kada ka tambayi mai gidan komai. Ka duba gindin katanga ko akwai matattu, ka sa hancinka a bakin kafar, ka saya wa yaran gidan alawa ka tambaye su me aka fesa, su ba sa rantsuwa. Ka faɗa wa mai gidan kuɗin aiki daban, zuma daban, kuma rabi a hannu kafin in taka tsani. In ka ji wari, ka gaya masa duk abin da muka yanko rami za shi, kuma shi zai biya kuɗin haƙa. Tashi ka wanke bokitan nan kafin magariba.