Cinikin Yankan Riɗi: Wa Ya Fi Gaggawa?

Tambaya: Malam, mu goma sha huɗu ne daga Mai Wurno a ƙasar Sudan, duk kaka muna zuwa Gadarif, kusa da iyakar Habasha, yankan riɗi. Bara mun yi alkawari ba mai karɓar ƙasa da kuɗin da muka yanke. Kwana biyu, mutum uku suka zagaya suka karɓi tayin mai gona, dole muka bi. Bana yaya za mu yi?

Amsa: Ɗan'uwa, kada ka yi saurin zagin mutum ukun nan. Tambayi abin da ke cikin tukunyarsu a ranar.

Akwai fannin lissafi da ke nazarin yadda masu jayayya ke auna juna, Turawa na ce masa ka'idar wasa. A 1950 wani Ba'amurke, John Nash, wanda ya sami kyautar Nobel a 1994, ya nuna cewa rabon da kowa ke samu a ciniki yana rataye ne da abin da zai koma wa idan cinikin ya watse. Mai gona yana da 'yan ƙwadagon Habasha da ke tsallako iyaka. Ku fa? Idan amsar ita ce kwana da yunwa a tasha, an gama da ku tun ba a zauna ba.

A 1982 wani masanin tattalin arziki, Ariel Rubinstein, ya ƙara da cewa wanda jira ya fi cutarwa shi ke sassautawa. Nan ne nake ganin ƙarfinku. Ka fi ni sanin riɗi: da ganye ya yi rawaya ya fara zuba, kwanaki kaɗan kwanso zai tsage, ƙwaya ta watse a ƙasa, ba mai tsince ta. Mai gona na zagaya gonarsa da asuba yana murza kwanso, barci ma ba ya yi. Wanda ya yi ciniki riɗi na kore shar ya sayar da wannan damar da arha.

Rantsuwa kuwa ba ta cika ciki. Tun daga gida ku haɗa kuɗin dawa, kuɓewa busasshiya da sukarin shayi na mako guda, a damƙa wa dattijonku. Mutum ɗaya ya yi magana da yawun kowa, sauran a yi shiru. Ku kuma je ku ji tayin wata gonar, da gaske, domin barazanar da ba za ku iya cikawa ba mai gona zai gane ta a fuskarku.

Amma kada ku shaƙe shi don kun ga wuyansa. Baɗi za ku dawo, kuma masu gonaki na labari da juna. In ya sassauta, ku nemi rabin kuɗi kafin lauje ya taɓa kara, sauran ranar da aka ƙirga damman, a gaban shaidu biyu.