Tambayi Likita: Bakin maigidana ya karkace, cingam zai miƙar da shi?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Likita. Maigidana ya wayi gari bakinsa ya karkace zuwa dama, idonsa na hagu ba ya rufuwa, in ya kurɓi ruwa wajen alwala sai ya zubo ta gefe. Yau kwana 12 ke nan. A asibiti sun ba shi magani, sun ce ya je sashen gashi, wato masu koyar da motsa jiki. Surukata ta ce marin aljani ne, maƙwabcinmu kuma ya ce ya dinga tauna cingam. Gashin nan yana yi kuwa, ko asarar kuɗi ce?
— Uwargida daga Funtuwa

AMSA: Wa alaikumussalam Hajiya, Allah ya ba maigida lafiya. Ki sa shi ya ɗaga girarsa ki duba. In goshinsa na hagu ya ƙi tattarewa, hannu da ƙafa kuwa lafiya lau, to ya yi kama da ciwon Bell, sunan wani likitan Sikotilan, Charles Bell, da ya yi bayanin jijiyar fuska a 1821. Mai shanyewar ɓarin jiki galibi goshinsa na motsi, hannu ko harshe ne ke yin nauyi. Mai irin wannan shanyewar kam asibiti ake kai shi nan take.

Jijiyar nan tana bi ta wata ƙunƙuntar kafa a ƙashin bayan kunne. In ta kumbura ba ta da wurin sakewa, sai saƙo ya daina isa ga naman fuska. Hagun ne mara lafiya, dama mai ƙarfi ce ke janye bakin. Kusan mutum 7 cikin 10 na warkewa sarai ko ba magani, kuma ƙwayar prednisolone tana ƙara sa'ar warkewa in an fara ta cikin awa 72.

Cingam kuwa, a gaya wa maƙwabci a hankali, ba ya yi. Naman da ke tauna wata jijiya ce daban ke sarrafa shi, kuma lafiyarta ƙalau. Sai ya tauna har muƙamuƙi ya yi tsami, leɓen na nan inda yake.

Gashi na da amfani, amma ba zan yi miki alkawarin da ya wuce gaskiya ba: ba shi ke farfaɗo da jijiyar ba, ita ke farfaɗowa da kanta. Aikinsa koya wa fuska motsi daidai yayin da take dawowa, kuma ya fi amfanar waɗanda nasu ya yi tsanani ko ya daɗe. Abin da nake sa marasa lafiyata ke nan: mutum ya zauna gaban madubi, ya yi ɗan murmushi ba tare da buɗe haƙora ba, ya dafe kumatun dama da yatsu biyu don kada ya yi wa hagun aikinsa. Sannan ya tsuke leɓe, ya ɗaga gira, ya lumshe ido. Kaɗan-kaɗan, 'yan mintoci, sau 2 ko 3 a rana. Masu yamutsa fuska da ƙarfin tsiya nake ji wa tsoro, don jijiya in tana tsirowa takan ɓace hanya, ka ga mutum yana murmushi idonsa na ƙanƙancewa. Na'urar jan lantarki da wasu ke ɗokin a sa musu, har yau ba a tabbatar da amfaninta ba.

Ni idon ma ya fi bakin damuna. Idon da ba ya rufuwa bushewa yake yi, ƙura ta shige shi, har ya yi gyambo. Ya dinga ɗiga maganin jiƙa ido da rana, ya sa tabarau in zai hau babur, da dare ki rufe masa fatar idon ki manne da filasta. Addu'a a yi ta yi, amma ki lallaɓa surukarki kada a turara masa hayaƙi a fuska ko a yi masa tsaga.

A auna masa suga da hawan jini. In ƙuraje suka feso a kunnensa, ko idon ya yi ja yana zafi, ko aka cika mako 3 babu alamar motsi ko kaɗan, ku koma wurin likitan da ya fara ganinsa.