Gidan bakin tasha ko mai araha na can ciki?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Na samu aiki a wani babban birni, ba ni da mota, kuma ba na sa ran saya nan kusa. Dillali ya nuna mini gidajen haya biyu. Na farko fulat ne a hawa na biyu, tagarsa tana kallon tashar jirgin ƙasa, amma hayarsa ta ɗara ta ɗayan da kusan kashi ɗaya cikin biyar. Na biyun ya fi yalwa da araha, dillalin ya ce minti goma ne kacal zuwa tasha. Wanne zan kama?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Allah Ya sa albarka a aikin.

Fara da mintin goman nan na dillali. Kada ki karɓe shi daga bakinsa, ki taka da ƙafarki. A Japan an ƙayyade wa masu tallan gidaje cewa kowace mita 80 ita ce tafiyar minti ɗaya, amma ko a can lissafin bai haɗa da jiran danja ko hawan tudu ba. A mafi yawan birane kuwa dillali ne da agogon ransa. Ki tsaya a ƙofar gidan ranar aiki, a daidai lokacin da za ki riƙa fita, ki duba agogo, kada ki sake dubawa sai kin tsaya inda ake shiga jirgin. Ƙofar tasha daban, bakin jirgi daban: a manyan tashoshin ƙarƙashin ƙasa, matakala da dogon lungu da layin tikiti kan ci minti biyar. Masu tsara birane sukan ɗauki mita 400 a matsayin iyakar abin da mutum zai taka da daɗin rai zuwa tashar bas, mita 800 kuma zuwa ta jirgi. Abin da ya zarce haka, ranar da ake ruwa ko kika ɗauko kaya, mota za ki tara, kuma kuɗinta daga rarar hayar zai fito.

Amma abin da na fi so ki riƙe shi ne, kusancin tasha ba shi ke kai mutum aiki da wuri ba. Yawan zuwan jirgin ne. Idan yana zuwa duk bayan minti 5, jiranki a tsakaice minti biyu da rabi ne, ko jadawali ba kya buƙata. Idan bayan minti 30 yake zuwa, kika makara da taku uku, kin zauna rabin awa kina kallon layin dogo. Gara tafiyar minti goma zuwa layin da ba ya yankewa da gidan da ke manne da tashar da jirgi ke leƙowa jifa-jifa. Ki kuma tambaya ko duk jirage ne ke tsayawa a nan. A New York, alal misali, akwai masu tsayawa kowace tasha, akwai masu gudu da ke tsallake ƙanana. Sai ki sha ƙararsu ta taga amma ba za su ɗauke ki ba. Sannan layin kai tsaye yake zuwa wurin aikinki, ko sai kin sauka kin canza? Kowane canji sabon jira ne.

Sai jirgin ƙarshe. Jirgin ƙarƙashin ƙasa na New York yana aiki dare da rana. A Landan sai a 2016 aka fara na tsakar dare, shi ma daren Juma'a da na Asabar ne kawai, a wasu layuka. A Tokyo, da an wuce sha biyun dare kaɗan, an soma rufe tashoshi. In aikinki na kaiwa dare, wannan ya fi girman falo muhimmanci.

Yanzu lissafin kuɗi. A ce gida na biyu ya ƙara miki minti goma zuwa, goma dawowa. Cikin kwanakin aiki 22 na wata, minti 440 ke nan, sama da awa bakwai. Ki raba bambancin hayar wata na gidajen biyu zuwa kashi bakwai, za ki ga nawa kike sayen awa guda ta rayuwarki. Ke kaɗai kika san ko ta kai. An saba cewa haya kada ta wuce kashi 30 cikin ɗari na abin da mutum ke samu, amma ma'aunin da ya fi amfani a nan shi ne wanda ake yi a Amurka, a haɗa haya da kuɗin sufuri, a ga ba su haura kashi 45 ba. A biranen da ake biyan kuɗin jirgi bisa shiyya, irin Landan, tasha ɗaya tak kan jefa mutum wata shiyyar mai tsada, sai ki binciki farashin katin wata daga duka tashoshin, in kowane gida da tasharsa.

Gidan farko kuma, tagar nan mai kallon tasha ce ta tsaya mini a rai. Dillalai suna kai mutum ganin gida da hantsi, lokacin da unguwa ta yi tsit. Ki koma da asuba ko bayan isha, ki rufe tagar ɗakin kwana, ki zauna har jirgi uku su wuce. Ki ɗora kofin ruwa a ƙasa ki ga ko yana rawa, domin girgiza ta cikin ƙasa take bi ta hau gini, labule ba ya tare ta. Ki saurari ƙugin birki, da lasifikar sanarwa, da kukan ƙafafun jirgi in akwai kwana a kusa; wannan kukan ya fi komai shiga kunne. Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idojin da ta fitar wa Turai a 2018, ta ba da shawarar matsakaicin ƙarar jirgin ƙasa da dare kada ya wuce desibel 44 (desibel ma'aunin ƙarfin ƙara ne), saboda barci. Ki tambayi maƙwabta, ba mai gida ba, ko jirgin kaya yana bi da dare, da kuma lokacin da ake gyaran layi, don galibi sai jirage sun tashi aiki da dare ake yin sa. Wasu cikin mako biyu sun saba. Mai barcin zomo ba ya sabawa.

Ki bi hanyar gida na biyu sau ɗaya da dare: akwai fitilu, akwai shaguna a buɗe, ko sai kin ratsa ƙarƙashin gada ke kaɗai?

In da ni ne, kuma mintin goman ya tabbata goma ne ko sha biyu, hanyar tana da haske, zan ɗauki na biyu in ajiye rarar. In ya zama ashirin, zan koma na farko, amma sai in roƙi fulat ɗin da ɗakin kwanansa ya ba layin dogo baya. Ko wanne kika zaɓa, kada ki ba da kafin alƙalami sai kin yi tafiyar nan sau biyu, safe da dare, kuma ki nemi yarjejeniyar shekara ɗaya, a rubuta a ciki sharaɗin tashi kafin wa'adi da yadda za a mayar miki da kuɗin ajiya.