Amsa ga mai tambayar aikin sikanin a asibitin soja

Assalamu alaikum. Ƙanenmu na Daura, tun daren jiya na ga tambayarka, na bari sai da gari ya waye domin amsarta ba ta layi biyu ba ce. Ga waɗanda ba su gani ba, ya ce ya gama karatun ɗaukar hoton asibiti a Jami'ar Bayero, ya yi shekarar horo da bautar ƙasa, yanzu kuma an yi masa hanyar aiki a ɗakin sikanin na wani asibitin soja inda 'yan mazan jiya suka fi yawa a layi. Yana son sanin ko aikin ya sha bamban da na sauran asibitoci, ko na'urar tana taɓa haihuwar mai aiki da ita kamar yadda mahaifiyarsa take tsoro, da kuma ko wata rana aikin zai kai shi asibitin tsofaffin sojoji na Amurka da yake jin labari.

Ni farar hula ne. Shekara bakwai na yi ina wannan aiki a cikin bariki kafin na dawo gida Katsina, don haka abin da hannuna ya taɓa zan faɗa maka.

Mu fara sallamar Hajiya. Ka gaishe ta, ka ce ta kwantar da hankalinta, sikanin ba eksire ba ne. Sauti ne kawai, sai dai ya fi ƙarfin kunne. Kunnen mutum iyakarsa girgiza 20,000 a daƙiƙa ɗaya, shi kuwa kan na'urar da muke duba ciki da shi yana yin wajen miliyan uku da rabi, na duba wuya da jijiyoyi kuma ya haura miliyan bakwai. Sautin ya ratsa tsoka da gudun kusan mita 1,540 a daƙiƙa, ya daki hanta ko ƙoda ya dawo, na'ura ta mayar da shi hoto. Ka ce mata kamar mutum ne ya leƙa rijiyar Kusugu ya yi magana muryarsa ta dawo masa. Tun 1958 da Ian Donald ya wallafa aikinsa a Gilasgo ake ɗora abin nan a kan cikin masu juna biyu. Shi kansa Donald ɗin tsohon likitan sojan sama ne na Yaƙin Duniya na Biyu, ka ga ashe sana'ar tamu da ma jinin soja gare ta. In dai za a riƙa juya ka zuwa ɗakin eksire, wannan kam ka san ƙa'idarsa tun daga makaranta, ka kiyaye.

Abin da aikin yake ci ba haihuwa ba ne, kafaɗa ce. Kafaɗar dama, wuya, da wuyan hannu. Ka yini hannunka a miƙe kana danna cikin mutum, kanka a karkace wajen allo. Ni a shekara ta huɗu sai da na kai ba na iya sa babbar riga ranar Juma'a sai an taya ni. Ka matso da mara lafiya gefen gado kusa da kai, kar ka ji nauyin cewa Baba ya gusa. Gwiwar hannunka ta zauna kusa da haƙarƙarinka. Kuma ka yi rigimar kujera mai hawa da sauka tun satin farko, tun ana ganin ka baƙo.

Yanzu ga ainihin maganar. Wanda ya ɗauki eksire, fim ɗin yana nan, likita goma za su iya dubawa bayansa. Sikanin ba haka yake ba. Abin da hannunka bai nemo ba, likita ba zai taɓa ganinsa ba, domin hoton da ka tsayar shi kaɗai zai isa teburinsa. Wannan a ko'ina haka yake. Abin da ya sa ya fi nauyi a asibitin soja shi ne, tsohon soja ba ya cewa ciwo. Tun yana kurtu aka koya masa cewa raki abin kunya ne, kuma har ya tsufa bai sauka daga kan wannan karatu ba. A asibitin gari, mace za ta kama hannunka ta ɗora daidai inda yake yi mata. Shi kuwa ka ce, "Baba, nan da zafi?" ya ce maka, "Babu komai, ci gaba da aikinka." Labarin zuciya a tambayi fuska. Na koyi raba idona biyu, ɗaya a allo, ɗaya a kan muƙamuƙinsa da yatsun ƙafarsa. In na danna ƙasan haƙarƙarin dama na ga ya ɗauke numfashi ya cije, na san madaciya ta yi magana ko da bakinsa ya ƙi.

Akwai wani dattijo da ba na mantawa, Samanja ne mai ritaya, ya yi yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 yana saurayi. Takardarsa ta ce a duba mafitsara da furostet, wato ƙullutun nan na ƙasan mafitsarar namiji da ke kumbura da tsufa ya tare fitsari. Aikin minti goma ne. Na auna, ya girma sosai, na tura shi ya yi fitsari ya dawo na ga ragowar da ta tsaya. Da zai tashi sai na ga ya dafe ƙugu. Na ce lafiya? Ya ce ciwon baya ne na tsufa. Ga yatsunsa biyu sun rine da taba, na tambaya, ya ce tun a bakin daga ya koya. Ba a rubuta mini ba, amma na ce ya koma ya kwanta, na hau da kan na'ura saman cibiya. Babbar jijiyar jini da ke saukowa daga zuciya, wadda a lafiyayye faɗinta bai cika wuce santimita biyu ba, na same ta ta buɗe kamar balan-balan. Daga santimita 3 ake kiranta kumburarriya, daga 5.5 kuma likitoci suke fara maganar tiyata. Tasa ta haura haka. Irin wannan in ta fashe, mutum ba ya kaiwa bakin titi.

Ya dube ni ya ce, "Yaro, mi ka gani?"

Nan ne wurin da nake so ka tsaya. Kullum za a yi maka wannan tambaya, kuma daga bakin wanda ya saba ba da oda a bi. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Na ce, "Baba, na ga abin da nake so likita ya gani yanzu, ba gobe ba. Ka zauna nan, kar ka hau babur." Na ɗauki hoton da ƙafata na kai, ban ba masinja ba. A ranar aka rubuta masa takardar tura shi babban asibiti. Ban yi masa ƙarya ba, ban kuma yanke masa hukunci ba, don wannan ba hurumina ba ne. A Amurka, namijin da ke tsakanin shekara 65 da 75 wanda ya taɓa shan taba, shawarar da ake ba shi ita ce a duba masa wannan jijiya sau ɗaya ko da lafiyarsa ƙalau. Tun daga kan Samanja na mayar da shi al'adata, dattijo mai warin taba ba ya sauka daga gadona ban leƙa ba. Minti biyu ne.

Riƙe bakin nan kuwa da kuskure na koye shi. A shekarata ta farko na ga wani farin tabo a hantar wani Kofur, rawar kai ta sa na ce masa akwai ƙari. Mutumin nan ya koma ƙauye ya tara 'ya'yansa ya yi wasiyya. Da aka yi masa babban hoto sai ga shi ɗan curin jijiyoyin jini ne da mutane da yawa suke rayuwa da shi har su mutu ba su sani ba. Ya dawo bai zage ni ba. Cewa kawai ya yi, "Ka sa na sayar da sa na." Har yau in na tuna sai na ji kunya.

Abin da za ka fi gani a wurinsu ba shi da yawa: furostet, ƙodar da hawan jini da suga suka cinye har ta tsuke ƙasa da santimita tara ta yi fari, hantar da ciwon hanta ya taurara, wani lokaci da ruwa a ciki, tsakuwar madaciya, kaba da gwaiwa, sai gudan jini a jijiyar ƙafa ga wanda ya daɗe a kwance. Wanda ya tashi a bakin dam ko fadama, ka duba bangon mafitsara da kyau saboda tsargiya. Sannan akwai abin da ba za ka samu a asibitin gari ba, wato jikin da aka taɓa ɗinkewa. Waɗanda suka je Laberiya da Saliyo da rundunar ECOMOG ta ƙasashen Afirka ta Yamma a shekarun 1990, da na Arewa maso Gabas na baya-bayan nan, za ka tarar da tabon tiyata ya ratsa daidai inda kake son ɗora na'ura, hanji ya manne a ƙasansa, iska ta tare maka hanya, domin sautin na'urar ba ya ratsa iskar hanji. Sai ka juya shi gefe, ka bi ta tsakanin haƙarƙari, ka yi ta lallaɓawa. Wani kuma ka ga abu ya yi ƙyalli da wutsiyar haske a bayansa, ka tambaya, ya ce ai ɓarɓashin ƙarfe ne tun shekara talatin. Ka rubuta shi a rahoto ko da ba shi aka aiko nema ba, saboda ranar da wani zai tura shi hoton maganaɗisu, wato MRI, inda ƙarfe a jiki zai iya zama haɗari.

Shiri kuma, kar ka yarda da kalmar "ban ci komai ba". Duba madaciya yana son ciki ya yi awa shida zuwa takwas babu abinci, in ba haka ba sai ta matse ta ɓoye tsakuwar. Ka ga ta tsuke, ka sake tambaya, sai a ce, "To, koko ne kawai da ƙosai uku." A wurin dattijo abinci tuwo ne. Don haka ka lissafa masa da suna: ban da koko, ban da shayi da madara, ban da fura. Mai suga kuma ka sa shi a farkon layi, kar ka bar shi da yunwa har azahar. Na furostet akasin haka ne, sai mafitsara ta cika, kuma mutumin da ciwonsa riƙe fitsari ne ka ce ya sha ruwa leda uku ya jira layi, ka san ka ɗora masa jarrabawa. Da ya ce ya matsu, ka shigar da shi ko layin wa ye.

Wannan ya kawo ni kan muƙami. A bariki komai da igiya yake tafiya, har layin asibiti. Za a turo maka cewa Yallaɓai yana sauri, alhali ga tsohon Saje da ya taso daga Mai'aduwa ko Batsari tun asuba da kuɗin motar da ya ranto kafin fansho ya shigo. Kai farar hula ba ka da igiyar da za ka ja da kowa. Dabarar da ta fisshe ni ita ce na sa shugaban sashe, wanda shi mai kaki ne, ya sa hannu a kan tsarin layi aka manna a ƙofa. Daga nan in an matsa sai na nuna takarda. Kuma ka kira kowane da muƙaminsa ko da ya shekara ashirin da ajiye kaki. Ka ce "Baba Samanja" ka ga yadda zai saki jiki. In za ka duba maraina, ka fitar da ɗansa waje, ka rufe ƙofa, ka ba shi zane ya rufa, ka faɗa masa abin da za ka yi kafin hannunka ya isa. Lokacin hunturu ka ɗan sa robar jel ɗin da ake shafa wa fata cikin ruwan ɗumi. Ƙurar hunturun nan kuma tana toshe matatar iskar na'ura, ka riƙa cirewa kana kakkaɓewa, kuma kar ka yarda a haɗa ta da janareta kai tsaye babu abin daidaita wuta. Inda na yi aiki sai da muka yi wata huɗu muna tura mutane cikin gari saboda wannan sakacin.

Batun Amurka gajere ne. Can suna da ma'aikata guda ta tsofaffin sojoji, VA, mai asibitocinta na kanta a faɗin ƙasar. Aikin gwamnatin tarayyarsu ne, kuma ɗan ƙasa suke ɗauka, sai in an rasa. Kafin nan ma akwai jarrabawar hukumar ARDMS mai tantance masu aikin sikanin a can, ta kimiyyar sauti da ta fannin da ka zaɓa. Mu nan ba mu da asibitocin da aka ware wa 'yan mazan jiya su kaɗai. Suna bin asibitocin soja ne ƙarƙashin inshorar lafiyar sojoji ta DHML, abin da ya fi ƙarfin ƙaramin asibiti a tura shi irin su Asibitin 44 na Kaduna ko Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke nan Katsina. Ku a Daura ma kuna da na sojan sama da aka buɗe a 2019. In kana da burin fita, ba laifi, amma ka fara da sabunta lasisinka na RRBN, hukumar rajistar masu ɗaukar hoton asibiti ta Najeriya, kowace shekara, ka nemi ƙarin horo a kan sikanin, musamman na jijiyoyin jini, don masu hannu a wannan fanni sun yi ƙaranci a wajenmu.

Ra'ayina, ka karɓi aikin. Sai dai kafin ka sa hannu ka tambayi abu biyu: wane ne yake duba rahotonka ya sa hannu, kuma in ka ga abin gaggawa da ƙarfe biyu na rana, ƙofar wa za ka ƙwanƙwasa. In aka ce maka kai kaɗai ne, babu likitan hoto ko a waya, to ka nemi wani babba a sana'ar da za ka riƙa tura wa hoto bayan ka rufe sunan mai shi. Ni ma ina nan, in ka shigo Katsina ka neme ni bayan la'asar, mu zauna in nuna maka yadda ake kamo jijiyar nan a cikin mai tumbi.